Yadda ake sa wa tsohuwar mota rim ɗin wata mota da sifesa

Rim ɗin wata mota yana iya shiga tsohuwar motarka, bol duka su kama, ka ja da baya ka ga ya zauna daram. Sai ka murza sitiyari ka ji taya na gogar shokozoba, ko kuma ƙafafun rim ɗin su daki kalifar birki tun bol bai gama shiga ba. A nan ake kawo maganar sifesa, wato faifan ƙarfen da ake sakawa tsakanin rim da hob, kan nan da ake ɗaura rim a jikinsa, don ya turo rim ɗin waje da 'yan milimita.

Aikin sifesa shi ne ya mayar da taya kusa da inda masu ƙera motar suka ajiye ta tun farko. Yawancin tsofaffin motoci, musamman masu ja da tayoyin baya, an yi su ne da rim mai zama waje-waje, motocin da suka biyo baya kuma rim ɗinsu ya fi nutsewa ciki. Sifesa ke cike wannan giɓin. Wanda ya sa shi don taya ta bultso waje ta yi kyan gani, wani aikin daban yake yi, kuma boris ɗinsa ne zai biya kuɗin. Saboda haka sifesa shi ne abu na ƙarshe da za ka saya. Awo ne a gaba.

Abubuwa huɗu da za ka auna kafin ka fitar da kuɗi

Na farko, zagayen ramukan bol. Shi ne ake rubutawa 4x100 ko 5x112: lambar farko yawan ramuka, ta biyu faɗin da'irar da ta ratsa tsakiyar ramukan a milimita. Tsofaffin Golf har zuwa ta uku, da BMW E30, da tsofaffin Civic, yawanci 4x100 ne. Peugeot 306, 405 da 406 kuwa 4x108, amma 504 da 505 nasu 4x140 ne, wanda da wuya ka samu rim ɗin wata motar zamani da ya dace da shi. Mercedes tun daga W123 zuwa W124 da na bayansu 5x112. BMW E34, E36, E39 da E46 duk 5x120. Camry da Accord na baya-bayan nan 5x114.3.

In rim mai rami huɗu ne, auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa, shi ke nan. Mai rami biyar ba shi da ramin da ke fuskantar wani, don haka auna tsakiyar ramuka biyu da ke maƙwabtaka, ka ninka da 1.701. A 5x112 tazarar ramuka biyun, kafin ninkawa, kusan 65.8 ce, a 5x114.3 kuma 67.2. Bambancin bai kai milimita ɗaya da rabi ba, tef ɗin awo na tela ba zai nuna maka shi ba, sai ka nemi ma'aunin baniya, wato ma'aunin ƙarfe mai baki biyu da ke nuna har ɓangaren milimita. Wannan kusancin shi ne tarkon. Rim mai 5x114.3 zai yarda ya hau hob mai 5x112, haka 4x98 na Fiat zai hau 4x100. Bol zai shiga, amma a karkace, kowanne na jan nasa gefen, kuma ƙarfen da aka lanƙwasa aka ɗaure yana gajiya ne a ɓoye har ranar da zai karye. In lambar ba ɗaya ba ce, to ba ɗaya ba ce, "ai ya shiga" ba hujja ba ce.

Na biyu, ramin tsakiya. A tsakiyar hob akwai leɓe zagayayye da ya fito waje, shi ke shiga ramin tsakiyar rim ya daidaita shi a cibiya kafin bol ya matse. Na Volkswagen 57.1 ne, Mercedes 66.6, yawancin BMW na wancan zamanin 72.6 (E39 ta fita daban da 74.1), Toyota mai rami biyar 60.1, Honda mai rami biyar 64.1, Nissan 66.1, Peugeot mai 4x108 kuma 65.1. In ramin rim ya fi leɓen hob girma, ana cike tazarar da zobe na roba ko alminiyam, ko a sayi sifesa mai girma biyu, bayansa daidai da hob, leɓensa na gaba daidai da rim. In ramin rim ne ya fi ƙanƙanta, rim ɗin ba zai zauna ba sam, zai tsaya a kan leɓen ya bar tazara a bayansa. Kada ka yarda a matse shi da ƙarfin bol. Ko dai mai injin tona ya buɗe ramin daidai a cibiya, ko sifesa mai kaurin da zai haɗiye leɓen hob gaba ɗaya ya fito da nasa ƙarami.

Na uku, faɗin rim da zurfin zamansa. Juya rim ɗin ka duba bayan ƙafafunsa, za ka ga an buga wani abu kamar 7Jx16 ET47. Lambar 7 faɗinsa ne a inci, 16 girmansa, ET47 kuma nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne da hob, a milimita. Iya girman ET, iya nutsewar rim cikin mota. In rubutun ya goge, kwantar da rim a ƙasa fuskarsa ƙasa, gitta miƙaƙƙen katako a bakinsa, auna daga katakon zuwa fuskar da ke taɓa hob. Sannan auna faɗin rim ɗin gaba ɗaya daga baki zuwa baki, raba biyu, ka cire daga awon farko. Abin da ya rage shi ne ET.

Na huɗu, bol ko noti: kaurinsa, zarensa, da siffar wuyansa. Zan dawo kansa, don nan ne aka fi yin ganganci.

Ka auna waɗannan huɗun a rim ɗin motarka na asali, ka auna su a sabon, ka rubuta su gefe da gefe a takarda.

Lissafin kaurin sifesa

Dokar gajeriya ce: kaurin sifesa ana cire shi ne daga ET. Rim mai ET47 da sifesa mai milimita 25 ya zama kamar rim mai ET22. Daga nan ka ga abin da sifesa ba zai iya ba. Yana rage ET, ba ya ƙara shi. In sabon rim ɗin ET ɗinsa ya riga ya gaza na asali, wato taya ta riga ta leƙo waje, babu sifesan da zai mayar da ita ciki. Bar wannan rim ɗin.

Misali mafi sauƙi shi ne BMW E34, wadda aka yi daga 1988 zuwa 1996. Rim ɗinta na asali da aka fi sani 7Jx15 ET20 ne. Ka samu na E46 mai 7Jx16 ET47. Ramuka ɗaya, ramin tsakiya ɗaya, faɗi ɗaya. Bambancin kawai milimita 27 na nutsewa. Sifesa mai 25 zai kawo shi ET22, milimita biyu kacal daga inda yake a masana'anta. Wannan shi ne aikin sifesa mai tsafta, kuma a irin wannan boris bai san an canza komai ba, don tsakiyar taya tana nan inda ya saba ɗaukar nauyinta.

Inda faɗi ya bambanta, sai an ɗan zauna da biro. Ɗauki Mercedes W123 mai rim 6Jx14 ET30, a ce ka samu wani mai 7Jx16 ET45. Mayar da faɗi zuwa milimita, inci ɗaya 25.4 ne, ka raba biyu. Rabin 6J shi ne 76.2, rabin 7J kuma 88.9. Don sanin yadda rim ya shiga ciki daga fuskar hob, haɗa rabin faɗi da ET. Don sanin yadda ya fito waje, cire ET daga rabin faɗi. Na asali ya shiga ciki da 106.2, ya fito waje da 46.2. Sabon, ba sifesa, ya shiga da 133.9, ya fito da 43.9. Ka ga kusan milimita 28 ya ƙara matsawa wajen shokozoba, alhali daga waje kusan ba ka ganin bambanci. Shi ya sa ido ke yaudara.

Da sifesa mai 15, ET ya koma 30, ƙarin faɗin ya rabu biyu daidai, 12.7 ciki, 12.7 waje. Da mai 20, ciki ya rage zuwa 7.7, waje ya hau zuwa 17.7. Wanne za ka ɗauka? Wanda ya fi siriri a cikin waɗanda suka ba ka sarari a ciki. Ni a ganina, in ET na ƙarshe yana cikin milimita biyar na asali, ka yi dace. In ya kai goma, a lura. In ya haura haka, sitiyari zai fara canza hali: ya yi nauyi, ya riƙa fizgar hannunka a galan, ya riƙa bin layin da ke kan kwalta.

Takarda ba ta gama magana ba sai an gwada a jikin mota. Kafin ka yi odar sifesa, ɗaga motar, jera washa masu kauri iri ɗaya a bayan rim har su kai kaurin da ka lissafa, ɗaura rim ɗin da hannu, ka juya shi. Duba tazarar da ke tsakanin ƙafafun rim da kalifa, kada ta gaza milimita uku. Duba tsakanin gefen taya da shokozoba ko sifirin, nan ana son biyar zuwa sama, don taya na lanƙwasa a kwana. Wannan gwajin na tsaye ne kawai. Ko zuwa bakin titi kada ka tuƙa mota a kan washa.

Irin sifesan da ya dace

Akwai siriri mai milimita uku zuwa biyar, shimfiɗaɗɗen faifai ne kawai da ake zurawa. Yana aiki ne saboda leɓen hob ya fi shi tsawo, don haka rim na samun sauran leɓen ya hau. Auna leɓen motarka ka tabbatar abin da ya rage ya isa ya kama rim, ka tuna bakin ramin rim a goge yake, milimita biyu ko uku na farko ba sa kama komai.

Matsalar tana tsakanin shida da goma. A wannan kaurin sifesa ya cinye leɓen hob, shi kuma bai yi kaurin da za a fitar masa da nasa leɓen mai ƙwari ba. Rim sai ya rataya a kan bol kaɗai, ya kauce cibiya da ɗan abin da ido ba ya gani, ka kai gudun kilomita 90 ko 100 sitiyari ya kama rawa, ka yi ta kai wa masu balansin suna canza dalma a banza. In lissafinka ya faɗo nan, duba ko biyar zai isa, ko ka tsallaka zuwa mai 12 mai leɓensa.

Daga wajen 12 zuwa 20 akwai mai leɓe, wanda ake zurawa a ɗaure shi tare da rim da dogayen bol. Daga 20 ko 25 zuwa sama kuma akwai mai ɗaurin kansa: ka ɗaure shi a hob da nasa gajerun bol ko noti, sannan ka ɗaure rim a jikinsa. Adafta ma haka take, sai dai ita ramukan bayanta da na gabanta ba zagaye ɗaya ba ne, ita ce ke ba ka damar sa rim mai 5x112 a mota mai 5x120, misali. Adafta ba ta iya zama siririya, yawanci daga 15 ko 20 take farawa, mai mayar da rami huɗu zuwa biyar ta fi haka kauri. Kaurin nan duka daga ET za a cire shi, don haka adafta sai da rim mai ET babba. Mutane da dama sun sayi adafta sannan suka gano taya ta wuce madigadi da yatsa biyu.

Nemi wanda aka yanka daga dunƙulen alminiyam mai lamba 6061-T6 ko 7075-T6, aka yi shi don zagaye ɗaya da ramin tsakiya ɗaya. Akwai wasu na zubi masu dogayen ramuka birjik da ake cewa suna shiga kowace mota. Ramukan sun fi ƙarfen yawa, tsakiyarsu ba ta kama komai. Bar su inda ka gan su. Kada kuma a ɗora sifesa biyu a kan juna don a kai wani kauri. Hagu da dama dole kauri ɗaya, amma gaba da baya suna iya bambanta in lissafi ya nuna haka.

Bol da noti

Motocin Jamus da na Faransa yawanci bol suke amfani da shi, yana ratsa rim ya shiga hob. Na Japan kuwa sitod ne kafe a hob, a ɗaure da noti. Kowanne da nasa lurar.

Zaren bol na motar ne, wuyan bol kuma na rim ne. Riƙe wannan. Zaren dole ya dace da hob (lambar farko kaurin bol ce a milimita, ta biyu tazarar zare): M12x1.5 a tsofaffin Mercedes da BMW da Toyota da Honda, M12x1.25 a Nissan da Peugeot, M14x1.5 a Volkswagen masu 5x112 da Mercedes da suka biyo baya kamar W211. Wuyan kuma dole ya dace da mazaunin da ke cikin ramin rim. Iri uku ne: mai siffar mazurari, kamar na BMW da yawancin rim ɗin kasuwa, mai siffar rabin ƙwallo, kamar na Mercedes da Volkswagen da Honda, da shimfiɗaɗɗe mai washa, kamar na rim ɗin alminiyam na Toyota da Peugeot. In ka sa bol mai mazurari a mazaunin ƙwallo, a siririn layi ɗaya kawai za su haɗu. Zai ɗauru, ka ji ya yi tauri, bayan 'yan kwanaki ya ci alminiyam ɗin ya saki. Wanda zai sa rim ɗin Mercedes na zamanin M14 a W123 ko W124 sai ya nemi bol na musamman, zare M12, ƙwallon wuya irin na M14. Ana yin su.

Tsawo kuma: tsohon bol da ƙarin kaurin sifesa, in kaurin bayan rim ɗin biyu ɗaya ne. Sau da yawa ba ɗaya ba ne, rim ɗin alminiyam ya fi na ƙarfe kauri a wajen rami. Don haka kada ka tsaya a lissafi, ƙirga zagaye. Zura bol da hannu, daga inda zare ya fara kamawa ka ƙirga juyi nawa ya yi kafin ya zauna. Abin da ake so shi ne zaren da ya shiga ya kai kaurin bol ɗin kansa. A M12x1.5 juyi takwas ke nan, a M12x1.25 kusan goma, a M14x1.5 tara da ɗoriya. Juyi huɗu ko biyar ba ɗauri ba ne, ko da ka ji ya matse.

Tsawon da ya wuce kima shi ma bala'i ne. A tayoyin baya, bol na iya leƙawa cikin gangar birki ya taɓa sifirin ɗin takalman birki ko kayan birkin hannu. Bayan ka ɗaure, juya tayar da hannu zagaye biyu cikakku, ka kasa kunne. In ka ji ƙas-ƙas ko ta tsaya a wuri ɗaya, bol ya yi tsawo. Duba kan bol ka ga lambar ƙarfinsa, 10.9 ake so. Bol ɗin gini da aka samo daga wajen masu kayan ƙarfe ba ya cikin lissafi, ko da zaren ya dace.

A mota mai sitod, sifesa na zurawa yana cinye tsawon sitod, don haka bayan milimita uku ko biyar sai an ƙirga juyin noti, in bai kai ba a canza sitod da dogaye. In mai ɗaurin kansa ne, duba ko tsofaffin sitod sun leƙo sun wuce fuskar sifesa. In sun wuce, sai rim yana da kwarmi a bayansa tsakanin ramuka da zai haɗiye su. In babu, rim zai zauna a kan kawunan sitod maimakon fuskar sifesa, kuma daga waje ba za ka gane ba.

Taya

Tayar da ta zo a kan rim ɗin ta wancan motar ce. Abin da kake nema shi ne tsayin taya gaba ɗaya ya zauna kusa da na asali, cikin kashi uku bisa ɗari. Lissafinsa: faɗi sau lambar tsakiya bisa ɗari, sau biyu, a haɗa da girman rim a milimita. Taya 195/70 R14 ta ba da kusan 629, 205/55 R16 ta ba da 632, sun dace. Amma E34 mai 225/60 R15 tsayinta 651 ne, in ka bar mata 205/55 R16 na E46 ta gajarta da kusan milimita 19, wato dab da iyakar kashi ukun nan, maleji ya riƙa nuna gudun da ba ka kai ba, mota ta ƙara kusantar ƙasa. Wadda ta dace da ita a inci 16 ita ce 225/55. Duba kuma lambar nauyin da taya ke ɗauka, kada ta gaza ta asali. Rim ma haka, wanda aka cire daga ƙaramar mota ba lallai ya ɗauki babba ba.

Duba motar kanta

Tsohuwar mota ta sha hanya, kuma sifesa ba ya rufa asiri. Ɗaga kowace taya, kama ta sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama. In akwai wasa, boris ne ko bol-join ko tayarod, a gyara tukuna. Sifirin da ya gaji ya sa mota ta zauna ƙasa, tayar da lissafi ya ce za ta wuce sai ta riƙa cin bakin madigadi in an ɗauki mutane a baya. Sabon rim ɗin ma a ɗora shi a injin balansin tun kafin a sa masa taya, a ga ko ya lanƙwashe, a duba bayan ƙafafunsa ko akwai tsaga ko tabon walda.

Ɗaurawa

Tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, ja birkin hannu, sa giya, tokare tayar da ba ka aiki a kanta. Sassauta bol kaɗan tun taya na ƙasa. Ɗaga da jak, sannan ka sa ƙafar ƙarfe a ƙarƙashi ta riƙe motar, don za ka sa kai da hannu cikin ramin taya, jak kaɗai ba abin dogaro ba ne.

Cire taya, ka tsaya a kan fuskar hob. Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, shi ne kuma ke raba aikin da zai daɗe da wanda zai saki. A motar da ta shekara talatin, za ka tarar da tsatsa ta yi ɓawo a zagayen leɓen, ja-ja, tana ɓarewa in ka kankare da farce. Sa burushin ƙarfe da samfefa ka goge har farin ƙarfe ya fito, musamman lungun da leɓe ya haɗu da fuska. Ɓarɓashin tsatsa ɗaya da ya maƙale a bayan sifesa ya isa ya karkatar da shi, kuma ɗan karkacewa a cibiya yana zama babba a bakin taya. Bayan haka in ɓarɓashin ya murƙushe a hanya, ɗaurin ya yi sako-sako. In akwai ƙaramin sukurun da ke riƙe faifan birki, tabbatar kansa bai ɗago ba. In akwai 'yan siraran zobban ƙarfe a gindin sitod da aka sa tun masana'anta don riƙe faifai, cire su. Goge bayan rim ɗin shi ma, in an yi masa sabon fenti a kankare fentin da ke fuskar da za ta manne.

Shafa ɗan man hana tsatsa siriri a leɓen hob kaɗai, don alminiyam da ƙarfe suna manne wa juna in sun daɗe. Kada mai ko giris ya taɓa zaren bol, ko wuyansa, ko shimfiɗaɗɗiyar fuskar. Ƙarfin ɗaurin da kamfani ya rubuta na busasshen zare ne, in ka sa mai za ka ja bol fiye da kima ba ka sani ba.

Zura sifesa da hannu. Ya shiga ba tare da guduma ba, ya kuma zauna ba ya wasa. Danna shi ka juya, ka leƙa ta gefe da tocila, kada haske ya ratsa tsakaninsa da hob. In yana lilo, ko dai akwai sauran datti, ko leɓen hob ya fi zurfin ramin sifesa tsawo.

In mai ɗaurin kansa ne, fara kowane bol da yatsu, sannan ka ɗaure a tsallake, wannan sai na gabansa can, ba bi da bi ba. Sa wani ya taka birki don hob ya tsaya, ka ƙarasa da sifana mai awon ƙarfi. Adadin yana littafin motar. A ƙananan motoci yawanci tsakanin 100 ne da 130 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar): Toyota da yawa 103, Honda 108, Mercedes mai M12 110, BMW 120. In masu sifesan sun rubuta nasu adadin, bi nasu a ɗaurin sifesa. Shafa hannu a fuskar ka tabbatar babu kan bol ko noti da ya ɗago.

Ɗora rim. A mota mai bol, riƙe rim da sifesa su daidaita da ramuka aiki ne mai cin rai, doguwar sandar jagora mai zare da ake murzawa a rami ɗaya tana sauƙaƙa shi. Fara bol duka da yatsu, ƙirga juyi, matse kaɗan a tsallake, juya taya ka saurara. Sauke mota har taya ta taɓa ƙasa, ka ƙarasa da sifanar awo. Injin iska na masu faci yana da sauri, amma bai san adadi ba, kuma zaren da ke cikin sifesa ba ya jure masa. Haka hawa kan sifana da ƙafa.

Gwaji

Mota na ƙasa, murza sitiyari har ƙarshe hagu, leƙa ciki ka zura hannu, sannan har ƙarshe dama. Duba tiyon birki, kada taya ta kusance shi. Sa mutane a kujerar baya, ka haura wani ɗan tudu a karkace don taya ɗaya ta nutse cikin madigadi. Dabara mai sauƙi: goga alli a bakin madigadi ta ciki da jikin shokozoba, yi ɗan zagaye, ka dawo ka ga inda allin ya goge ko ya hau taya. In gogar kaɗan ce a bakin madigadi, ana iya naɗe leɓen ciki. In taya na cin ƙarfe sosai, lissafin ne za a sake.

Fara tuƙi a hankali, ka ƙara gudu mataki-mataki. Rawar sitiyari da ba ta nan a da tana nufin cibiya ba ta zauna ba, ko fuska ba ta goge ba, ko balansin. Ƙarar ƙwas-ƙwas mai bin juyin taya, musamman in ka saki totur, alamar bol ya saki ce, tsaya nan take. Bayan kilomita 50 zuwa 100 sake bin bol duka da sifanar awo. A mai ɗaurin kansa wannan na nufin cire rim don a kai ga na ciki. Aiki ne, amma su ne waɗanda ba ka gani. Kai motar alaimen in an taɓa wani abu a ƙafarta.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Jamus sai sifesa yana da takardar amincewa, sau da yawa kuma sai masu duba mota irin TÜV sun gani sun shigar a takardu. A Ostireliya ƙa'idar ita ce ba a yarda da shi a titi ba sai wanda kamfanin motar ya sa da kansa. Wurare da yawa kuma ba a yarda taya ta wuce madigadi ba. Bincika ta inda kake, ka kuma sanar da kamfanin inshora in suna buƙatar sanin canji.

Saura safaya. In rim ɗin asali ne a but, shi ba ya buƙatar sifesa, kuma dogayen bol ɗinka za su yi masa tsawo, wataƙila wuyansu ma bai dace da mazauninsa ba. Ɗaure tsofaffin bol ko noti na taya ɗaya a leda ka ajiye su tare da shi, da sifanar da ke kwance sifesan in mai ɗaurin kansa ne. Gwada safayar a gaba da baya tun kana gida, ka ga ko za ta hau a kan sifesa ba tare da ta gogi madigadi ba, ko sai an cire shi tukuna.